Hearts of Iron IV: yadda ake amfani da diflomasiyya da leƙen asiri kafin a harba harsashin farko

A wannan wasan kwamfuta na Yaƙin Duniya na Biyu, inda kake riƙe da ƙasa guda, sabon ɗan wasa, da zarar taswirar 1 ga Janairun 1936 ta buɗe masa, idonsa kan tankokin yaƙi yake. Ya tara runduna, ya ja layin hari, ya jira 1939. Sai yaƙi ya ɓarke ya tarar da abokan gaba uku a gabansa maimakon ɗaya, man fetur ya ƙare masa, ƙasar da ya ci kuma tana ta tawaye a bayansa. Ba a fagen fama ya faɗi ba. Tun shekaru uku da suka wuce ya faɗi, lokacin da bai ko leƙa shafin diflomasiyya ba.

Wasan na kamfanin Paradox ne na ƙasar Suwidin, ya fito a watan Yunin 2016. Diflomasiyya tana cikinsa tun asali, amma cikakken tsarin leƙen asiri, da hukumarsa da jami'ansa, sai da ƙarin da aka yi wa wasan, mai suna La Résistance, na Fabrairun 2020. Wanda ba shi da wannan ƙari, rabin farko na bayanin nan ya ishe shi aiki. Abin da za ka riƙe tun yanzu shi ne jakada da ɗan leƙen asiri ba sa kama gari. Jakada yana rage maka yawan iyakokin da za ka tsare, ɗan leƙen asiri yana rage maka tsawon yaƙin. Kuma dukansu biyu da kuɗi ake biyansu, don haka kowane mataki sai ka san wace ƙasa ka nufa da shi, da kuma watan da kake son ya nuna.

Da me ake biya

Diflomasiyya da ƙarfin siyasa ake sayenta, lambar nan da ke can sama ta hagu. Asalin abin da ke shigowa maki 2 ne a rana, manufar ƙasa da kake bi, wato babban shirin da ka zaɓar wa gwamnatinka, tana cinye 1, saura 1 kafin a haɗa da halin shugaba da na ƙasar. Mai ba da shawara ɗaya maki 150 ne galibi, sauya dokar tattalin arziki ko ta ɗaukar soja ma 150. Ka ga kenan a shekarar farko abin da zai shigo hannunka bai taka kara ya karya ba. Duk makin da ka zuba wajen kyautata dangantaka da ƙasar da ba ka da wata buƙata a wurinta, daga bakin ministan masana'antu ka cire shi.

Leƙen asiri kuwa masana'antun farar hula yake ci, waɗanda su ne kuma ke gina maka komai. Gini ɗaya ba ya ɗaukar fiye da masana'anta 15 a lokaci guda, hukumar leƙen asiri kuma tana riƙe 5 duk lokacin da take wani aiki a kanta. Sulusin layin gini guda kenan. Ga Jamus ko Amurka ba wani abu ba ne. Ga Hangari ko Bulgeriya, shawara ce da sai an zauna.

Lambar da ke kusa da hoton duniya

A kusurwar sama ta dama akwai ma'aunin tashin hankalin duniya, daga 0 zuwa kashi 100. Mutane da yawa kallonsa kawai suke yi, alhali shi ne makullin ƙofofin kowa. Ƙasar dimokuraɗiyya ba ta iya lamunce wa wata ƙasa ƴancinta sai ma'aunin ya kai kashi 25. Ba ta tura sojojin sa-kai sai ya kai 50, ba ta shiga ƙawance sai 80, ba ta ƙirƙiro hujjar yaƙi, wato dalilin da wasan ke nema kafin a ayyana yaƙi, sai 100. Ƙasar da ba ta da ɓangare tana jiran kashi 50 kafin ta fara neman hujjar yaƙi. Ƴan fasist da ƴan kwaminis wannan shinge na hujjar yaƙi bai tare su ba.

Kashi 25 ɗin nan shi ne ya fi kashe mutane. Idan kana riƙe da ƙaramar ƙasa mai son faɗaɗa, kuma ka fara haɗa hujjar yaƙi a kan maƙwabciyarka bayan ma'auni ya haye 25, to ka sa rai Ingila ko Faransa za ta lamunce mata. Ranar da ka ayyana yaƙi, da su ka ayyana. Ita kanta haɗa hujjar tana ɗaga ma'aunin, don haka wanda ya fara a kashi 22 yana iya tsallake iyakar da hannunsa. Maganin shi ne a fara da wuri, cikin 1936 ko farkon 1937, kafin yaƙin Japan da Sin da haɗiye Ostiriya a Maris 1938 su tunkuɗa ma'aunin sama. Ka ɗora linzamin kwamfuta a kan maɓallin kafin ka danna, zai nuna maka kwanakin da za a ɗauka da yawan abin da zai ƙaru a ma'auni. Sannan ka duba shafin ƙasar da ka nufa, ka ga ko wani ya riga ya lamunce mata, ka sake dubawa a ranar ƙarshe.

Hujjar da ta kammala kwana 60 take yi ta mutu. Kada ka fara haɗa ta sojojinka suna barikin horo.

In kuma kai ne Ingila, lissafin ya juya. Lamuni na farko maki 25 ne, kowane na bayansa ya fi tsada. Kada ka raba shi kamar goron suna. Ka lamunce wa ƙasar da sojanka ko jiragen ruwanka za su iya kai wa ɗauki. Ingila ta gaske ta lamunce wa Folan a ƙarshen Maris 1939, da Jamus ta afka mata a 1 ga Satumba ba ta iya kai mata ko runduna ɗaya ba.

Yarjejeniyar kada a kai wa juna hari

Wannan ce mafi arha cikin kayan aikin jakada, kuma mafi amfani ga ƙasar da ke da maƙwabta biyu masu ƙarfi. A watanni 12 na farko ba a iya warware ta sam. Bayan haka mai son warwarewa sai ya fi abokinsa yawan soja a kan iyaka, kuma sharaɗin yana sassautowa shekara bayan shekara. Ma'anar wannan a aikace: shekara guda cif kana iya kwashe sojojin wannan iyaka ka kai su inda ake yaƙi, amma daga wata na 13 sai ka fara mayar da su, ko da rundunonin ƙafa ne marasa manyan bindigogi, don rabon soja a iyakar kada ya ba shi damar saɓawa.

Tarihin da wasan ya ginu a kai ya nuna fuskokin abin duka biyu. Yarjejeniyar Molotov da Ribbentrop, tsakanin Jamus da Tarayyar Sobiyet, ta 23 ga Agustan 1939 ta ba Jamus damar gamawa da Faransa ba tare da waiwaye ba, sannan ita ce ta karya ta a 22 ga Yunin 1941. Yarjejeniyar Tarayyar Sobiyet da Japan ta Afrilun 1941 kuwa ta riƙe har 1945. Mutumin Damagaram bai kamata wannan ya zame masa sabon karatu ba. Sarki Tanimun yana aika gaisuwa Kukawa ga Shehun Borno, a nan gida kuma yana gina ganuwar Birni yana sa a ƙera igwa.

Idan ƙasar ta ƙi sa hannu, maɓallin yana nuna maka dalilai ɗaya bayan ɗaya, kore da ja. Karanta su. Wani lokaci maki kaɗan ne suka rage, kyautata dangantaka na ƴan watanni ya cike su. Wani lokaci kuma ja ɗin ya yi nisan da ba kuɗin da zai goge shi, saboda bambancin aƙida ko don manufar ƙasarta tana kanka. A nan sai ka adana makinka.

Yaƙin wasu, darasinka

Yaƙin basasar Sifen yana ɓarkewa a 1936, kuma shi ne makarantar sojanka. Ana buƙatar runduna 30 aƙalla kafin a ba ka damar tura sojojin sa-kai, abin da za ka iya turawa kuma kusan ɗaya ne cikin kowace 20. Ka tura mafi kyawunka, tankoki ko sojan dutse, ƙarƙashin janar ɗin da kake son ya ƙware. Makin gogewa da suke tarawa da shi ake gyara tsarin runduna da buɗe dabarun yaƙi, abin da atisaye a gida zai daɗe bai kawo ba. Inda ake asara shi ne a bar su su shige gaba su kaɗai har a kewaye su. Rundunar da aka kewaye ta tafi da kayanta duka.

Ƙasar da doka ta hana ta tura soja tana iya tura hafsan sa-ido. Maki 100 ne na siyasa, yana riƙe 50 daga ƙarfin ba da umarni, yana kawo gogewa da ƙarin kashi 10 na goyon bayan yaƙi muddin ƙasar da ya je tana cikin yaƙi. Wannan kashi 10 sau da yawa shi ke buɗe maka dokar tattalin arzikin da ta fi ta yanzu. Sin, daga 1937, wuri ne mai kyau don yaƙinta yana daɗewa.

Aron makamai ma diflomasiyya ne. Tsofaffin bindigogin da ke jibge a rumbunka, idan suka isa hannun wanda ke yaƙar abokin gabanka, sun yi maka aiki ba tare da ɗan ƙasarka ya mutu ba. Sai dai in hanyar teku ce, ka tabbata akwai jiragen dakon kaya, in ba haka ba alƙawarin a takarda zai tsaya.

Ƙawance, da wanda bai kamata ka kira ba

Shiga ƙawance ba ya tilasta ka shiga yaƙi nan take; ana kiranka, kana iya ƙi. Haka ma kai, ba dole ba ne ka kira kowa. Duk ƙasar da ka kira ta zo da iyakokinta da gaɓar tekunta. Jamus da ta kira Italiya tun 1939 ta buɗe wa kanta fage a tsaunukan Alp da Libiya da Habasha, ta kuma ba Ingila doguwar gaɓar da za ta sauke soja. Ƙawar da ke zaune ba ta yaƙi garkuwa ce a gefenka, tana kuma sayar maka da albarkatu. Wata matsalar ita ce sojojin ƙawaye da kwamfuta ke juyawa: sukan cika maka layi a wurin da hanyar kai abinci da harsashi ba ta da ƙarfi, sai naka da nasu duk su ji yunwa.

Ka duba taswirar yankinmu ka gani. A 1936 Zinder launin Faransa take, Kano launin Ingila. A tarihi, bayan faɗuwar Faransa a Yunin 1940, Nijar ta zauna hannun gwamnatin Vichy, wadda ta haɗa kai da Jamus, har ƙarshen 1942, Cadi ƙarƙashin Félix Éboué ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, tun Agustan 1940, Najeriya kuma tana hannun Ingila. Iyakar da jiya ba mai tsaronta ta wayi gari iyakar zargi, ba don wani ya tura soja ba, sai don sa hannu da aka yi a Turai. A wasan ma haka yake faruwa, don haka duk lokacin da wata babbar ƙasa ta miƙa wuya, ka tsayar da agogo ka zagaya iyakokinka na Afirka.

Sai ciniki. Masana'antar farar hula ɗaya tana sayo albarkatu 8, ko ƙarfe ko roba ko fetur. Saya daga ƙasar da ake isa ta ƙasa in akwai, don jiragen ƙarƙashin teku ba sa tare jirgin ƙasa. Dokar cinikinka kuma tana tona maka asiri: ciniki a sake yana fitar da kashi 80 na albarkatunka kasuwa, yana kuma ba kowa labarin masana'antunka da jiragen ruwanka kyauta. Doka ce mai kyau lokacin zaman lafiya saboda saurin gini da bincike. Da yaƙi ya matso sai a tsuke ta.

Kafa hukumar leƙen asiri

Ga lissafin da ya kamata ka yi da baya-baya. Kafa hukuma kwana 30 ne. Kowane ingantawa kwana 30, kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi. Da jami'i ɗaya ake farawa, gurbin na biyu ba ya buɗewa sai an yi ingantawa 5, ɗauko jami'in kansa kuma kwana 30. Jimilla kwana 210, wata bakwai, kafin ka samu mutum biyu, alhali manyan ayyuka mutum biyu suke so. Wanda ya kafa hukuma a 1939 ya makara. Babbar ƙasa ta kafa cikin 1936, ƙarama ta bari sai masana'antunta sun ɗan yi kauri a 1937. Akwai mai ba da shawara da ke ƙara gurbi ɗaya. Ɗan ƙawance da hukumarsa ta yi ingantawa 3 kuma yana iya zama shugaban leƙen asirin ƙawancen da maki 50, ya samu ƙarin gurabe gwargwadon ƙasashen da ke ciki.

Ingantawa biyar na farko ba don cike lamba kawai ba ne. Sashen fasa lambobin sirri ya zo da wuri, saboda aikinsa na watanni ne. Tsaron gida ya biyo baya, sannan sashen labarin sojan ƙasa. Na jiragen ruwa, in ba Ingila ko Japan ko Amurka kake riƙe da ita ba, yana iya jira. Akwai kuma wanda ke ba ka damar ɗaukar ma'aikaci ɗan asalin ƙasar da ka kafa komarka, wato sarƙar masu kawo maka labari, a ciki, kuma ya cancanci kuɗinsa: da ɗan gari kan ci gari, komar da ɗan ƙasa ke saƙawa ta fi saurin ƙarfi.

Wajen zaɓen jami'i ka karanta halayensa, kada ka tsaya ga hoto. Mai iya kutse da mai yaudara sun fi dacewa da shiga ma'aikatun abokin gaba, mai fasa akwatin ƙarfe da satar zanen makamai, gwanin tambaya kuma a bar shi gida.

Komar leƙen asiri tana farawa daga jihar da ka ajiye jami'in ta bazu zuwa maƙwabtanta. Idan aiki kake son yi a ƙasar, ajiye shi inda manyan garuruwa suka taru. Idan hari za ka kai, matsar da shi kusa da fagen, don a jihohin da komar ta rufe, shirin abokin gaba da ramukan da ya haƙa suna raguwa. Abin da ke ɓata wa mutane aiki shi ne a kwashe duka jami'an a tura su aiki, komar ta zauna ba mai riƙo, ta fara zubewa. In kana da na uku, bar shi a kan komar a yanayin kwantar da kai: ba ta ƙaruwa, amma ba ta zubewa, haɗarin kama shi kuma ya ragu.

Aikin da ya fi kowane biya

Shirya gwamnatin ƴan haɗin baki. Ana buƙatar komar ta kai kashi 50, jami'ai biyu, bindigogi, kayan tallafi da masana'antu, farashin kuma yana hawa duk lokacin da aka maimaita. Kowane zagaye yana ƙara haɗin bakin da kashi 30, ko 45 in an yi sa'a. Amfaninsa biyu ne. Na farko, ƙasar tana miƙa wuya da wuri, kafin ka kama garuruwan da da sai ka kama. A kan Tarayyar Sobiyet ko Sin, inda kowace tafiyar gaba ke nisanta ka da layin dogo, wannan watanni ne na yaƙi da dubban mutane ka tsirar. Na biyu, ranar da ta faɗi, jama'arta suna farawa da biyayya mai yawa, sai masana'antunta da albarkatunta su shigo hannunka nan da nan, sojan gadi da za ka zuba kuma ya ragu.

Zagaye biyu ko uku a kan babbar ƙasa, a fara aƙalla shekara guda da rabi kafin yaƙi. A kan ƙasar da za ta faɗi cikin mako biyu, ɓarnar kaya ce, sai dai in masana'antunta kake hange. Ƙasar dimokuraɗiyya ba a ba ta wannan aiki. Nata shi ne ta kutsa cikin ƙasashen da aka mamaye, ta ƙulla hulɗa da ƴan tawaye, ta ƙarfafa su har gadin ya riƙa cinye wa Jamus mutane da bindigogi.

Lambobin sirri

Da sashen ya kafu, zaɓi ƙasa ɗaya. In ka zaɓi uku, ƙarfin ya rabu uku, babu wadda za ta nuna a kan kari. Bayan an fasa, kana samun ƙarin labari a kan ƙasar muddin ka yi shiru. Sannan akwai maɓallin bayyanawa, wanda ke ba sojojinka ƙarin ƙarfin kutsawa da tsaro na kwana 30, daga nan abokin gaba ya sauya lambobinsa, ka koma farko. Kada ka danna shi ranar da aka ayyana yaƙi don zumuɗi. Bari sai shirin harin ya cika, jiragen sama suna wurinsu, kayan abinci sun isa, sannan ka danna ka saki harin a rana ɗaya. Ketare babban kogi, fasa layin ganuwa, ko saukar soja daga teku, su ne wuraren da kwana 30 ɗin ke da daraja. Ingila ta gaske, da mutanen Bletchley Park irin su Alan Turing suka fasa Enigma, na'urar lambobin sirrin Jamus, babbar wahalarta ita ce amfani da labarin ba tare da Jamus ta gane ba.

Gida fa

Kwamfuta ma tana turo nata. In ka ga ana yawan sanar da kai an gano baƙon jami'i, ko wata aƙida tana hawa a ƙasarka ba dalili, dawo da mutum ɗaya gida ya yi farautar ƴan leƙen asiri. Naka da aka kama kuwa, muddin yana hannu labarinka yana zuba wurin abokin gaba, gurbinsa kuma a toshe yake. Aikin ceto shi ke gaba da kowane aiki. Shiri a hannun mutane da yawa ba ya ɓoyuwa. A nan Zinder, a 1906, labarin shirin tayar wa Faransawa ya isa kunnensu tun ba a motsa ba, aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa aka kai shi gudun hijira.

Juyin mulki da cusa aƙida a wata ƙasa suna da daɗin ji, amma jami'i yakan shekara a kansu, sakamakon kuma yaƙin basasa ne da ɓangarenka kan sha kashi in ba ka tura masa soja ba. Satar zanen makamai ta fi dacewa da ƙaramar ƙasa mai guraben bincike biyu ko uku, ita ma sai an fara kutsawa cikin ma'aikatar da ta dace.

Duk waɗannan ayyuka sanarwa suke turowa a gefen allo, kuma in agogon wasan yana gudu na 5, mafi sauri, sukan wuce ba ka gani ba, jami'ai su yi wata biyu a zaune. Sauko zuwa gudu na 3 ko 4 duk lokacin da wani aiki ya kusa kammala, ka kuma kunna zaɓin da ke mayar da jami'i kan komarsa da kansa. A saitin wasan, mayar da ajiyar kai-tsaye ta zama ta kowane wata. A zafin Afrilu da Mayu na Damagaram, ga kuran, wato wutar lantarki, da kan tafi ba sallama, ga kwamfutar hannu da ke ɗaukar zafi daga 1942 zuwa sama saboda yawan rundunoni, ajiyar wata shida tana iya mayar da kai baya, kafin ranar da ka bayyana lambobin sirri, ka sake jera harin daga tushe.